Ba Kowane "To" Ne Yarda Ba



Cikin dukkan darussan da ake koya wa ɗaliban digiri na biyu a fannin kiwon lafiya, ba na jin akwai wanda suka raina kamar darasin ladubban bincike. Lissafin ƙididdiga suna jin tsoronsa, don haka sukan ba shi dare da rana. Darasin yaɗuwar cututtuka suna ganin girmansa, domin da shi ake tinƙaho a wajen taro. Amma da zarar an ce yau ladubba za a yi, sai ka ga kowa ya gyara zama irin na wanda ya zo sauraron wa'azin da ya riga ya haddace. A ganinsu magana ce ta takarda guda ɗaya: a buga ta, a kai wa kwamiti ya sa hatimi, a liƙa ta a ƙarshen kundi, shi ke nan. To, ni wannan darasin nake koyarwa shekaru da dama ke nan, kuma shi nake so in ɗan tattauna da mai karatu a kansa, domin kuwa duk wanda ya taɓa miƙa hannu aka ɗebi jininsa, ko aka tsare shi da tambayoyi a zauren gidansa, maganar ta shafe shi.

Ɗalibaina ba yara ba ne. Yawancinsu ma'aikata ne da suka daɗe a bakin aiki. Akwai nas-nas da ungozomomi daga asibitocin Gusau, akwai masu gwajin jini, akwai jami'an lafiya na karkara waɗanda da yawansu a makarantar koyon aikin lafiya ta Tsafe suka fara, akwai kuma masu kula da riga-kafi a ƙauyukan Bungudu. Kowannensu sai ya gudanar da bincike kafin a ba shi digiri, kuma binciken nan a kan mutane ake yin sa. Mutanen kuwa su ne iyayenmu mata da ke layin awon ciki, da tsofaffin da ke zuwa karɓar maganin hawan jini, da yaran da ake kawowa da tamowa. Kusan dukkansu ba su iya karanta takardar da za a miƙa musu ba, kuma duk wanda suka gani da farar riga, a wajensu likita ne.

Littattafan da muke karantarwa da su daga nesa suke faro labarin. Sukan fara da shari'ar da aka yi wa likitocin Hitila a birnin Nurembag na Jamus, wadda ta haifar da ƙa'idojin 1947, inda sharaɗin farko shi ne kada a yi gwaji a kan mutum sai da yardarsa. Daga nan sai sanarwar Helsinki ta 1964. Sai kuma abin kunyar da aka yi a Tuskegee ta Amurka daga 1932 zuwa 1972, inda aka zuba wa baƙaƙen fata kusan 400 masu ciwon tunjere ido shekara arba'in don a ga yadda cutar ke cin jiki, ba a ba su magani ba ko bayan da fenisilin ya wadata. Wannan ne ya jawo rahoton Belmont na 1979 mai ginshiƙai uku: girmama mutum, neman amfaninsa tare da kauce wa cutar da shi, da kuma adalci. Duk waɗannan nakan koyar da su, don suna fitowa a jarrabawa. Sai dai na lura muddin labarin na Jamus ne ko na Amurka, ɗalibi yakan ɗauke shi laifin Turawa ne, ya rubuta ya haddace, zuciyarsa ba ta motsa ba. Shi ya sa ni daga Kano nake farawa.

A shekarar 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Zamfara, an yi annobar sanƙarau a Arewa wadda ta ci rayuka sama da dubu goma. Ana tsakiyar wannan tashin hankali sai kamfanin magunguna na Pfizer ya turo tawaga asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano don gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka saka cikin gwajin. Kimanin rabinsu aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wani sanannen magani don a kwatanta. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya dage a kan cewa sanƙarau ne ya yi wannan ɓarna, kuma an nemi yardar iyaye da baki ta hannun nas-nas. Iyayen kuwa da suka kai ƙara cewa suka yi ba wanda ya gaya musu gwaji ne, ba wanda ya gaya musu a cikin asibitin nan akwai likitocin ƙungiyar MSF da ke ba da maganin da aka saba da shi kyauta. Jaridar Washington Post ce ta tono maganar a ƙarshen 2000, daga baya kuma ta bayyana cewa takardar izinin kwamitin ladubba da aka nuna bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka mayar da kwanan wata baya. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011 iyalai na farko suka fara karɓar diyya, shekara 15 bayan faruwar abin.

Idan na kawo nan nakan tsaya in tambayi aji: uwar da ta rungumo ɗanta wuyansa ya sanƙare, tana tsaye a rana tun asuba, idan mai farar riga ya ce mata ga magani, me za ta ce? Kowa ya san amsar. "To" za ta ce. Ko da Hausa aka yi mata bayani "to" za ta ce, ko da Turanci ne ma "to" ɗin dai za ta ce. Kan wannan "to" ɗin darasina ya ginu gaba ɗaya.

Kuma abin bai tsaya a kan yara 200 ba. A 2003, lokacin da aka ƙaurace wa allurar riga-kafin shan inna a Kano da Kaduna da nan Zamfara, dalilai da yawa ne suka haɗu, har da siyasa da yaƙin Iraƙi da jita-jitar hana haihuwa, amma labarin Trovan yana cikin hujjojin da mutane ke kafawa. Kano ba ta dawo da riga-kafin ba sai a Yulin 2004, kuma kafin a shawo kan lamarin cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Cikin ɗalibaina akwai waɗanda suka yi aikin bi gida-gida, sun san yadda ake rufe ƙofa a fuskar mutum. Nakan ce musu, yardar da jama'a ke yi wa mai farar riga rumbu ɗaya ce ta gari duka. Mai bincike ɗaya in ya ɗiba ba bisa ƙa'ida ba, mai riga-kafi da ungozoma ne za su kwana da yunwa.

Bayan labarin Kano sai in ba su aikin da ya fi ba su wahala a zangon karatun. Nakan ce kowa ya ɗauko takardar neman yarda da ya rubuta da Turanci, ya mayar da ita Hausar da kakarsa za ta gane. A nan ne ake yin ta. Kalmar "bincike" kanta matsala ce, domin binciken da talaka ya sani shi ne na 'yan sanda da kwastan. Ka ce wa dattijo bincike muka zo yi, ka riga ka tsorata shi. Ka ce masa "gwaji" ne, sai ya ɗauka gwajin jini ne irin na asibiti, wanda ake yi don a gano ciwonsa a ba shi magani. Alhali shi bincike don a samu ilmin da zai amfani wasu nan gaba ake yin sa, mai yiwuwa shi da aka ɗebi jininsa ba abin da zai samu. Wannan bambancin ne ya fi wuyar faɗa, kuma shi ne ɗalibai suka fi son tsallakewa, don suna tsoron in sun faɗa mutum zai ƙi. Haka nan in ana raba mutane gida biyu ba tare da zaɓin likita ba, dole a ce masa ƙuri'a za a yi, kuma ƙuri'ar ce za ta nuna maganin da zai samu. In akwai ƙwayar da ba magani a cikinta, wadda ake bayarwa don kwatance, sai a faɗa masa ƙarara yana iya faɗawa cikin masu shan ta.

Sai jimlar da nake kira uwar takarda: kana da ikon ka ƙi, kana da ikon ka fasa ko bayan an fara, kuma ƙin da ka yi ba zai rage maka komai daga kulawar da ake ba ka a asibitin nan ba. A takardun ɗalibai wannan jimla tana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, ana karanta ta da sauri kamar mai addu'ar tashi daga majalisa. Ni kuwa nakan sa su dawo da ita sama, su faɗe ta sau biyu.

Mu Hausawa mutane ne masu kunya da kara. Baƙo ya zo har gida ya yi sallama ya zauna a tabarmarka, da wane baki za ka ce masa a'a? Balle a ce baƙon likita ne, balle a ce shi ne wanda zai duba matarka ran Talata. Saboda haka nake koya musu wasu 'yan dabaru. Wanda ke duba majiyyaci kada ya zama shi ne mai neman yardarsa. Kada a nemi yarda mutum yana kan layin karɓar magani. A cire farar riga in ba aikin jinya ake yi ba. In abin ba na gaggawa ba ne a bar mutum ya je gida ya kwana da maganar, ya yi shawara. Sannan kada a tambaye shi "ka gane?", domin amsar kullum "na gane" ce. A ce, "Inna, in kin koma gida aka tambaye ki me likita ya ce, me za ki gaya musu?" Daga abin da ta maimaita za ka san ko bayaninka ya shiga. In ta ce an ce za a ba ta magani, alhali tambayoyi kawai za a yi mata, to sai a sake sabon lale. Dangwala yatsa a takarda, ko da shaida a gefe, yana zuwa ne bayan wannan duka.

Muhawarar da ta fi zafi a kowace shekara ita ce ta izini. Wani ɗalibi daga yankin Bungudu ya taɓa ce mini, "Malam, a garinmu in mai gari ya yarda, maigida ya yarda, ai magana ta ƙare. In na tsaya tambayar matar ma sai a ce na raina mijinta." Na ce masa gaskiyarsa a rabi. Ba ka shiga gari sai ka gaida mai gari da liman, ba ka shiga gida sai da izinin maigida, wanda ya tsallake waɗannan bai san inda yake ba. To amma izinin mai gari ƙofar gari ya buɗe maka, izinin maigida ƙofar gida ya buɗe maka. Jinin da za a ɗiba a jikin matar yake, tambayoyin da za a yi game da haihuwarta da ɓarinta sirrinta ne. Sai a tura mace ta same ta ita kaɗai, ba gaban kishiya ko uwar miji ba, a tambaye ta. In ta ƙi, a fito ba tare da an gaya wa kowa ta ƙi ba. Wata ungozoma da ke ajin ta ƙara da cewa ita ta san matan da za su ce "to" a gaban miji, in an keɓe kuma su riƙe hannunka su ce don Allah a ƙyale su. Aji ya yi tsit, domin ta fi ni sanin abin da take faɗa. Haka yaro mai wayo, bayan yardar iyayensa shi ma a yi masa bayani daidai hankalinsa a ji ta bakinsa.

Darasi na gaba a gida muke ɗaukar sa. A 2010 aka gano gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Aƙalla yara 400 suka rasu. An ɗebi jinin dubban yara, an yi rubuce-rubucen ilmi masu yawa a kai. Abin lura shi ne gwajin jinin nan an haɗa shi da aiki: ana kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, ana ba yaran da gubar ta yi wa yawa maganin da ke fitar da ita. Inda aikin kwashe ƙasa ya yi jinkiri, kamar Bagega da sai a 2013 aka yi nata, maganin ma jira ya yi, domin ba amfanin a wanke jinin yaro a mayar da shi cikin gubar. Tambayar da nake ɗora wa ɗalibi ita ce: kai da za ka auna jinin yara ɗari biyu don kundinka, in ka tarar da goma jininsu ya yi ƙasa ƙwarai, me ka tanada? Wa zai kai su asibiti? In ba ka da amsa, ba ka shirya fita ba.

Wata ɗaliba ta ba mu labarin abin da ya same ta a wani ƙauye wajen Kwatarkwashi. Ta gama bayaninta tsaf, sai wata tsohuwa ta dube ta ta ce, "Ɗiyata, jinin ga da 'yan'uwanki suka ɗiba bara, mi suka gani?" Wasu ne can suka zo suka ɗiba suka tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Tun daga lokacin na sa sharaɗi a ajina: duk wanda ya yi bincike a gari, sai ya koma ya gaya wa mutanen garin abin da ya gano, da Hausa, a zauren mai gari ko a asibitin garin, kafin in sa hannu a kundinsa.

Sai kuma abin da littattafan waje ba su tanadar mana ba, wato matsalar tsaro. Wanda ya san hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa a 'yan shekarun nan ya san abin da nake nufi. A 2023 har gidajen kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke Sabon Gida aka shiga aka kwashi ɗalibai. Wannan hali ya jawo wa mai bincike jarrabawa iri uku. Ta farko ita ce sirri. Takardar da ke ɗauke da sunan mutum da ƙauyensu da lambar wayarsa da abin da ya faɗa game da harin da aka kai musu, in ta faɗa hannun da bai dace ba, ana iya kiran sa infoma, kuma kowa ya san makomar wanda aka laƙaba wa wannan suna. Don haka suna daban, amsa daban, lamba ce kawai ke haɗa su, kuma ba a yawo da su a waya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ƙarfafa wannan, amma tun kafin doka hankali ya isa ya faɗa. Hoton yaro mai tamowa kuma ba kayan Facebook ko WhatsApp ba ne, ko da niyyar neman taimako ce.

Ta biyu ita ce 'yan gudun hijira. Matar da ta baro ƙauyensu da zane ɗaya, tana kwana a kangon gini a Gusau, in ka nuna mata sabulu da gidan sauro ba abin da ba za ta amsa ba. Biyan kuɗin mota da ɓata lokacin mutum daidai ne. Amma kyautar da ta kai girman da mutum ba zai iya ƙin ta ba, ta tashi daga kyauta ta koma tilas. Bugu da ƙari, wadda aka yi wa fyaɗe ko aka kashe mijinta a gabanta, ba a tono mata ciwo don a cika shafi, sai in an tanadi inda za a tura ta ta samu kulawa.

Ta uku ita ce ƙarya. Ɗalibi ya rubuta zai je ƙauyuka goma, ya ga hanya ba ta biyuwa, sai shaiɗan ya raya masa ya zauna a ɗakinsa da biro kala uku ya cika takardu ɗari uku. Irin wannan aiki ba ya ɓuya. Za ka ga ba tambayar da aka tsallake, ba tsohuwar da ta manta shekarunta, ba gidan da aka tarar a rufe, kuma ba mutum ɗaya da ya ƙi. Ni kuwa duk binciken da aka ce mini mutum ɗari uku aka tambaya duka suka yarda, ina shakkarsa: ko dai ba a je ba, ko kuwa an je ba a ba kowa damar ƙi ba. Illar ba a kan digiri ta tsaya ba, domin da irin waɗannan alƙaluma ake raba magani da ma'aikata. Abin da nake gaya musu shi ne, ba wanda ya ce ka sai da ranka don kundi. Taƙaita bincikenka a inda ƙafarka za ta iya zuwa, ka rubuta a fili cewa ƙauyuka kaza ba su shiga ba saboda tsaro. Wannan ma ilmi ne, kuma mai karanta kundin zai san iyakar abin da zai dogara da shi.

Game da kwamiti kuwa, Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin ladubban binciken lafiya na ƙasa a 2007, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ba kwamitin ƙasa gindin zama. Ƙa'idar a fili take: ba a taɓa mutum ko guda sai kwamiti ya duba tsarin binciken ya amince. Duk da haka kusan kowace shekara sai wani ya same ni a ofis yana sosa ƙeya, ya ce, "Malam, na riga na gama tattara bayanai, ko za a taimaka a samo mini takardar a sa kwanan watan baya?" Nakan ce masa ya tuna wace takarda ce aka mayar wa kwanan wata baya a Kano. Daga nan ba ya sake magana. Sai ya koma ya faro daga farko, ransa a ɓace, amma wasunsu daga baya su ne ke dawowa suna godiya.

Kai kuma mai karatu, in wata rana masu takarda da biro sun yi sallama a ƙofarka, ko sun same ka a gadon asibiti, kana da haƙƙin ka yi tambaya kafin ka ce komai. Wannan magani ne ko bincike? Wa ya turo ku, kuma wane kwamiti ya ba ku izini? Me zai iya samuna, me zan amfana? Ina za a kai jinina da sunana? In na ƙi, za a ci gaba da duba ni? Wa zan kira in wani abu ya taso? Mai binciken kirki zai yi murna da waɗannan tambayoyi, ya zauna ya amsa su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka ga yana ƙosawa, to ka riƙe hannunka. Ba cewa nake a guji bincike ba, domin duk maganin da muke sha da allurar da ke kare 'ya'yanmu daga sanƙarau da ƙyanda, sai da wasu bayin Allah suka yarda aka gwada a kansu. Abin da nake fata shi ne yardar ta kasance da sani.

Ɗalibaina kuwa, waɗanda gobe su ne shugabannin asibitoci da 'yan kwamiti, fatana su riƙa tuna cewa jikin mutum da sirrinsa amana ne, kuma za a tambaye mu a kanta ranar da ba kwamiti ba hatimi. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin.